Jan Zaren da Dakta Safwat Ya Yanke

Dakta Safwat ne ya kashe wa 'yata aiki. Ni na zubar, ban musa ba, hannuna ne ya buɗe famfo. Amma shi ya ɗauki almakashi, kuma duk wanda zai rubuta zancen nan ya fara da sunansa kafin ya iso kan nawa.

Sunana Atiyyat. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina wanke kwalabe a sashen kemistiri na jami'ar garinmu, a ɗakin gwaji na hawa na biyu. Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana ban iya rubutawa, hatimin tagulla gare ni da nake bugawa a takarda. Ban ɓoye wa kowa ba, kuma babu wanda ya ɗauke ni don in yi karatu.

Satina na farko a wurin na wanke wa marigayi Dakta Ramsis wata kwalba da bai gama da ita ba. Bai yi mini tsawa ba. Washegari sai ga shi da ƙullin jan zare da ya ɗebo daga kayan ɗinkin matarsa. Ya ce daga yau duk kwalbar da na ga jan zare a wuyanta, ko gobara ake yi kada in taɓa ta. Wadda ba ta da zare, in dai tana kan teburin da ke gefen wurin wanki, tawa ce. Shi ke nan doka. Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin, kafin ya san inda ake kunna wuta ya san zaren Inna Atiyyat. Dakta Ramsis ya yi ritaya, ya rasu, zaren yana nan. Shi kansa Safwat da yake ɗalibi sau nawa yana zuwa wurina yana cewa, “Inna, ɗan ba ni zare.” Tun daga waccan kwalba ta farko ban sake kuskure ba, sai ranar Alhamis ɗin da ta wuce.

'Yata Shuruk a wannan sashen ta yi karatu. Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu, aka ɗauke ta mataimakiyar malami. Ranar da takardar ta fito na zaunar da ita na kafa mata sharaɗi. Na ce a cikin ginin nan ba ki da uwa. Ke malama ce, ni mai wanki ce, in mun haɗu a baranda kowa ya kama gabansa. Ta yi kuka, ta ce ai kowa ya san ni na haife ta. Na ce su sani, amma kada su gan ki kina tsaye da mai takalmin roba a gaban ɗalibanki. Ni na kafa wannan, ba ita ba. Ina so a rubuta wannan ma.

Mataimakin malami shekara biyar ake ba shi ya gama digiri na biyu. In bai gama ba sai a cire shi daga koyarwa a kai shi ofis yana buga wa takardun ɗalibai kan sarki har ya tsufa. Shuruk ba raguwa ba ce. An jibga mata ajujuwan da manyan ba sa so, ga gadin jarrabawa, ga sinadaran da za a yi oda a yi wata takwas ba su iso ba, ga haihuwa da ta zo mata da wahala. Duk da haka wata goma sha huɗu ta yi tana haɗa abu guda, ta dafa, ta tace, ta busar, ta sake dafawa, har ya zama ɗan gari rawaya da bai cika bakin cokalin shayi ba. Ran Juma'a da ta kawo mini jikana ta ce mini ya kammala, sati mai zuwa za ta kai shi Alƙahira a gwada a na'ura, sai ta rubuta babi na ƙarshe. Saura mata wata biyu shekara biyar ɗin ta cika. Ban taɓa ganin abin da idona ba, don ba na buɗe firjin malamai.

A satin ne aka ce wani kwamiti zai zo duba ingancin sashe. Dakta Safwat, da yake shi ne shugaba yanzu, ya birkita ginin. An yi fenti, an aro tukwanen fulawa daga sashen noma, an maƙala alluna a kowace ƙofa. Ran Laraba bayan na tashi aiki ya zagayo ɗakinmu ya buɗe firji. Baba Lam'i mai kula da sito yana tare da shi, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce Dakta ya tsaya yana kallon zarurrukan, sai ya ce wannan jami'a ce ko hubbaren waliyyi da mata ke ɗaure wa tsumma. Ya karɓi almakashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Ya sa aka manna wa kowace kwalba farar takarda da rubutun Turanci, aka fito da su duka kan tebur don a narkar da ƙanƙarar firji a goge shi.

Lam'i ya ce masa, “Ranka ya daɗe, Atiyyat fa? Da zaren take ganewa.”

Ya ce, “To ta koyi karatu.” Aka yi dariya, suka wuce ɗaki na gaba.

Lam'i ya yi niyyar tare ni da safe. Da safen aka tura shi tashar jirgin ƙasa ya ɗauko jakunkunan baƙi.

Ran Alhamis na iso ƙarfe bakwai da burodina da wake a leda. Ban ma ci ba. Na tarar da teburina cike, kwalabe sun fi arba'in, babu zare ko ɗaya. Sakatariya ta leƙo ta ce Dakta ya ce kafin ƙarfe goma komai ya riƙa ƙyalli. Fararen takardun ba su dame ni ba. Ɗalibai kullum suna manna takarda su bar ta a jikin ƙazantarsu, ni ke ɓamɓarewa. Na naɗe hannun riga na hau aiki.

Na kai kusan rabi sai na ɗauko wata ƙaramar kwalba mai ɗan tsagu a baki. An toshe ta, an kuma naɗe murfin da leda tam. A gindinta akwai wani rawayan abu kamar tsatsa. Na ɗaga ta na duba. Na ce a raina wa zai ɓata lokacinsa ya naɗe ƙazanta haka? Na riƙe ta a hannu na fita har bakin ƙofa don in tambayi wani.

Shuruk tana baranda, taku goma tsakaninmu. Tana sanye da farar rigar aiki, ta rungume fayil-fayil, Dakta Safwat yana nuna mata wani abu da biro, wasu malamai uku suna tsaye kusa. Tun asuba ya ajiye ta a ofishinsa tana jera takardu, ba ta shigo ɗakin gwaji ba. Da na ce “Shuruk” sau ɗaya da ta waiwayo. Na dubi hannuna da kumfa, na dubi takalmina, na dubi yadda take tsaye a cikinsu kamar ɗaya daga cikinsu. Sai na koma ciki. Na ce ai babu zare.

Abin bai fita da sabulu ba. Na zuba masa ruwan nan mai warin goge farce, ya narke nan da nan, na tuntsurar a rariya, na bi da famfo. Na sa burushi na dirje gindin sau biyu. Na ɗaga ta a hasken taga, ta yi fes, har na ji daɗin aikina.

Kwamitin ya shigo sha ɗaya saura. Ba su yi minti goma ba. Wani mai tumbi ya tambayi inda tukunyar kashe gobara take, aka nuna masa, suka tafi cin abinci. Ko kallon firjin ba su yi ba.

Da azahar Shuruk ta shigo. Ta buɗe firji ta same shi fayau. Ta juyo ta bi kwalaben da na kife suna tsanewa da ido, ta miƙa hannu ta zaro mai tsagun. Ta daɗe tana juya ta.

Ta ce, “Inna Atiyyat, wannan a ina kika same ta?”

Na ce a kan tebur, babu zare.

“Na ɗaure mata. Biyu ma na ɗaure.”

Na ce wallahi babu. Ta sunkuya ta leƙa rariyar, kamar za ta ga wani abu. Sannan ta mayar da kwalbar inda ta ɗauko ta a hankali, ta ce sannu da aiki, ta fita. Ba ita kaɗai ba ce, wasu ɗalibai biyu ma na zubar musu da nasu, amma su nasu aikin sati uku ne, sun yi zagi sun huce. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Ran Juma'a ba ta zo gidana ba. Ran Asabar na hau ƙaramar bas na tsallaka kogi na same ta tana yanka albasa. Na ce mu sake haɗawa, ni zan tsaya miki, ko tsakar rana ba zan zauna ba. Ta yi wata 'yar dariya ta ce Mama ba miya ba ce, sinadarin farko ma sai an yi oda daga waje. Na tambaye ta babu wata hanya. Ta ce akwai guda: in aka rubuta cewa ɓarnar daga sashe ta fito, majalisar sashe za ta iya neman a ƙara mata shekara. In aka rubuta sakacin ma'aikaciya ne da na mai binciken da ba ta adana kayanta ba, shi ke nan. Ta ce kuma wanda zai sa hannu a kan ko wanne, Dakta Safwat ne.

Na gaya mata na fito da kwalbar har bakin ƙofa, na gan ta, ban kira ta ba. Ban so faɗa ba, amma ya tokare ni. Ta ajiye wuƙar.

“Me ya hana ki?”

“Kina cikin manya.”

“Mama, shekara biyar ina wuce ki kamar bango don ke kika ce. Ga abin da ya saya mana.” Ta share ido da bayan hannu ta ce albasa ce. Can ta ce in an kira ni gobe in buga hatimi kawai a wuce wurin, saura mini shekara ɗaya in yi ritaya, kada in jawo wa kaina kora. Ta ce ofis ma aiki ne, ana tashi da wuri.

Yau Lahadi, ranar da ake komawa aiki a nan, aka kira ni ofishin bincike a ginin hukumar jami'a. Wani Malam Hamdi ne, mai gilashi da carbi a hannu. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, ya ce Hajiya abu ne mai sauƙi, gargaɗi ne kawai za a yi miki, ga takarda an riga an shirya. Ya turo mini ita da akwatin tawada.

Na ce ya karanta mini. Ya karanta da gudu kamar mai tsoron jirgi ya tafi ya bar shi. Na ce ya koma baya, a hankali, ni tsohuwa ce. Ya sake. Na ji sunana sau huɗu, na ji na Shuruk sau biyu. Na ji “rashin kula”, na ji “barin kaya a inda bai dace ba”. Na jira in ji almakashi, ban ji ba. Na jira in ji wanda ya ce a kwashe firji, ban ji ba.

Na ce, “Ɗana, ina Dakta Safwat a ciki?”

Ya ce Dakta ai shi ya kawo ƙara, ba shi ake bincike ba. Ya ce zare ba ya cikin ƙa'idojin jami'a, babu inda aka rubuta shi.

Na ce gaskiya ne, ba a rubuta ba, don wadda aka yi shi dominta ba ta karatu. Na ce shekara talatin da ɗaya digiri nawa aka yi a ɗakin gwajinmu a bayan zaren da ba a rubuta ba, har da na wanda ya kawo ƙarar? Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, kada ki tsawaita abin da zai cuce ki. Na ce abin da zai cuce ni na riga na wanke shi da hannuna ran Alhamis.

Na ɗaure hatimina a bakin mayafi na mayar cikin riga. Laifina na faɗe shi ba a tambaye ni ba: na yi shakka, na ga 'yata, kunya ta hana ni buɗe baki. A rubuta shi da manyan baƙi, zan buga a ƙasa, a kore ni in an ga dama. Amma ba zan buga a takardar da ta ce yarinyar nan ba ta adana kayanta ba. Baba Lam'i yana waje kan benci, ya ce zai faɗi abin da ya gani ko da za a mayar da shi gadin ƙofa.

Shayin ya huce, Malam Hamdi ya duba agogo sau uku, ya ce ofis zai rufe ƙarfe biyu. Na ce ya rufe da ni a ciki. Ga waya nan a gabansa, ginin kemistiri kuma ba nisa. A kira Dakta Safwat ya hawo benen nan da ƙafarsa, ya zauna a kujerar da ke kallona, a tambaye shi wa ya yanke, kuma me ya ce da aka tuna masa da ni. Ya amsa da bakinsa, a rubuta ina ji.