Jaridu Biyu a Ƙofar Baba Ok

Pyo Gyeong-ja ta sunkuya za ta ajiye jarida a ƙofar ɗaki mai lamba 407, sai ta ga ta jiya tana nan, ta shekaranjiya ma tana ƙarƙashinta, ko naɗin ba a warware ba.

Mai ɗakin, Baba Ok Man-su, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi ne, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Bai taɓa sayen jarida ba. Ubangidan Gyeong-ja a wurin aiki, wato Bang mai shagon rarraba jaridu, shi ya ce a riƙa jefa wa irinsa kyauta, ko wani zai saba ya fara biya, tunda masu saye a birnin Mokpo kullum raguwa suke, ragowar kuma tana jibge a shago har rufi. Baba Ok bai saba ba. Ya manna takarda a ƙofa cewa ba ya so, ya ƙara ta biyu da jan alƙalami. Kowace safiya da ya ji takunta zai buɗe ya bi ta da faɗa har bakin matakala, sannan ya kwashi jaridar ya shanya barkono a kai.

Da bai fito shekaranjiya da jiya ba, har daɗi ta ji. Yau kuwa ba ta wuce ba.

Ta buga ƙofa. "Baba! Ni ce, mai jaridar da ba ka so!"

Shiru. Ta kara kunne, ta jiyo ruwa yana zuba a ciki.

Ta sauko hawa huɗu a guje, ta manta da ciwon gwiwarta. Ta iske Chu, maigadin ginin, yana shan romon taliya.

"Ƙila wajen 'yarsa ya tafi," in ji shi.

"Ya tafi ya bar famfo a buɗe?"

"Yaya, ba ni da ikon fasa ɗakin mutum. Kin dai san bakinsa."

"Na fi ka sani, wata takwas nake shan sa. Kira 'yan kwana-kwana. In ya zage ka, ka ce ni na sa."

Da suka zo suka ɓalle makullin, ba ta iya shiga ba. Ta tsaya a baranda rungume da jaridun, tana kallon hazo a kan teku, tana tuna duk ranakun da ta rama masa faɗan a zuci.

"Yana numfashi!" wani ya faɗa daga ciki.

Santsi ne ya kwashe shi a banɗaki, ƙugu ya karye. Kwana biyu yana kwance a wurin, ruwan famfon nan kaɗai yake iya kaiwa bakinsa. Aka fito da shi a kan gadon ɗauka, fuska duk ta faɗa. Ya buɗe ido ya gan ta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Ke ba ki iya karatu ba ne? Me na rubuta a ƙofa?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye suka biyo baya. Shi kuwa ya damƙe hannun rigarta, bai saki ba har aka sa shi a motar asibiti.

Bayan sun tafi ta zauna a gefen titi. Takwas da rabi ta wuce, ga jaridu sittin a kwandon babur ɗinta ba a kai ba. Waya ta yi ƙara. Bang ne. Ta ja numfashi ta ɗauka.

"Kina ina? Mutum goma sha huɗu sun kira shago suna zagina, wai ina jaridarsu!"

"Ka yi haƙuri, maigida, wani tsoho ne ya..."

"Haƙurin me? Sha huɗu fa, Yaya Pyo! Rabon da wayar nan ta yi ƙara da safe har na manta. Biyar daga cikinsu ma 'yan kyauta ne." Ta ji yana share hanci. "Ashe jira suke yi."

Ta miƙe, ta karkaɗe wandonta.

"To, faɗa min wa ya fi zagin ka," ta ce. "Da shi zan fara."