Jiniyar Motar Auta

Bature mai riwaya, wato gyaran wayoyin mota, ya yi algus a aikinsa, da aka dawo masa da ƙorafi kuma sai ya ɗora laifin a kan mai mota. Algus ɗin ƙaramin abu ne, babu garejin da babu irinsa. Ƙazafin ne ya kusa cin ran bawan Allah, don a Birnin Gwari akwai kalmar da ba a jifan mutum da ita ko da wasa.

Auta direba ne. Yana ɗauko masara da fasinja daga bakin hanyar Randagi, inda 'yan acaba ke sauke kaya, ya ratso daji ya shigo gari. Wata ranar kasuwa aka ji harbi, ya ga wani direba yana laluben makulli, mutane sun cika masa mota suna salati. Tun daga ranar ya ƙudura ba zai sake tsayawa neman makulli ba. Ya aika Kaduna aka sayo masa na'urar da ke tayar da mota daga nesa da rimot, haɗe da jiniyar ɓarawo, ya kai wa Bature ya ɗaura. A gareji komai ya yi kyau. A latsa, mota ta tashi. A taɓa ƙofa, ta yi kuka.

A tsakiyar dajin akwai wani kwalbati da ya rufta gefe guda. Dole mota ta rage gudu a nan, kuma nan ne kowa ke yin shiru, ido na kan bishiyoyi. Auta na hawa kwalbatin da lodi sai jiniya ta ɓarke, fitilu na ƙyaftawa, kamar mai kiran wani. Wata tsohuwa a baya ta dafe kai tana cewa, "Ɗan nan, kashe mu za ka yi?" Ya yi ta latsa rimot, sai da suka yi nisa kukan ya ɗauke don kansa.

Kasuwa ta zagayo, abin ya sake faruwa, a wuri ɗaya.

Ya mayar da motar wurin Bature. Bature bai ko sunkuya ƙarƙashin sitiyari ba. Ya karɓi rimot ya latsa, mota ta tashi, ya kashe, ya miƙa masa.

"Ka gani? Lafiyarta lau. Ni aikina ba ya dawowa, direba."

"Ga shi kuwa ya dawo. A kwalbati take yi."

"To ka ɗauko kwalbatin mu gani."

'Yan gareji suka yi dariya, Auta ya tafi. Amma Bature ya san abin da ya bari a ƙarƙashin sitiyarin nan, kuma ya ga maganar ta fara yawo, har wani da zai kawo masa irin aikin ya fasa. Sai ya zauna teburin mai shayi na tasha, inda magana ke yin fiffike, ya ce, "Jiniya ba ta kuka sai an latsa. Ni abin da ban gane ba, wa yake wa sallama a cikin daji?"

Bai ce infoma ba, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ya bar wa masu saurare su ƙarasa, suka kuwa ƙarasa.

Ba a daɗe ba 'yan bindiga suka tare hanya kusa da kwalbatin, suka kwashe mutanen wata mota. Daga nan fasinja ya daina shiga motar Auta. 'Yan kamasho suna tsallake layinsa kamar ba su gan shi ba. In ya iso majalisa sai hira ta koma ta farashin taki. A masallaci ya lura wanda ke gefensa yana janye kafaɗa.

Shi ma zargi ya shige shi. Ya tuna fuskokin fasinjan da ya ɗauka, yana tunanin ko wani na riƙe da wani rimot a aljihu. Ya zargi Bature da ɓoye na biyu. Har matarsa Juwairiyya ya tambaya ko ta taɓa ba wani aron makullinsa, ta dube shi ta ce, "Yanzu abin har ya iso ɗakina, Baban Karima?" Ya cire batirin rimot ɗin ya bar shi a gida, ya fita shi kaɗai da lodin masara. A kwalbati motar ta yi kukanta. Ya samu amsa, amma babu shaida.

Wata rana da hantsi Munzali, shugaban 'yan sa-kai, ya same shi a tasha da mutanensa, bindigogi a kafaɗa. Auta ya san inda irin wannan tafiya ke ƙarewa. Waɗanda aka tafi da su a kan wannan kalma ba duka suka dawo ba.

"Malam Auta, za mu ɗan yi magana a ofis."

"Shugaba, ga rimot, riƙe shi a aljihunka. Shiga mu je kwalbatin. In ba ta yi kuka ba, jinina ya halatta."

"In shiga motarka ka kai ni inda kake kiran su? Ka ga alamar wawa a goshina?"

Nathaniel, dattijon da ke shugabancin masu gareji, yana wurin yana duba wata mota. Ya goge hannu ya matso. Ya ce tunda babu mai zuwa kwalbati, a kawo kwalbati gareji. Munzali ya ce a gwada, amma mutanensa ba za su matsa daga jikin direban ba.

Aka loda wa motar buhunan masara kamar ranar kasuwa. Aka jawo wani gungume aka gitta a filin gareji. Rimot na aljihun Munzali, hannuwan Auta na kan sitiyari inda kowa ke gani. Ya hau gungumen da ƙafar motar ta dama, shiru. Wani ya gyara riƙon bindiga. Sai Auta ya tuna gefen hagu ne ya rufta a kwalbatin. Ya ja baya, ya hau da ƙafar hagu, motar ta karkata, jiniya ta tsage gareji.

Nathaniel ya kwanta rigingine ya kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya jawo wata waje. An fere ta, an murɗa ta da 'yar'uwarta da hannu, babu dalma, babu fis, an naɗe mahaɗin da ledar fiya wata. Zafi ya narkar da ledar, jan ƙarfe tsirara na kwance daf da ƙarfen sitiyari. Da mota ta karkata da nauyi, sai su haɗu.

"Bature, zo ka ga ɗanka," in ji Nathaniel.

Bature ya taho yana sosa ƙeya. "Baba, salatif ne ya ƙare min ranar."

"Salatif ya ƙare. Da ya dawo maka da ita, idonka ma ƙarewa ya yi? Maganar teburin mai shayi fa, ita ma ledar ce ta faɗa?"

Bature ya ce raha ce kawai. Babu wanda ya taya shi dariya. Munzali ya zaro rimot ya miƙa wa Auta, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam." Auta ya karɓa, ya zauna a kan gungumen.

A ranar aka tasa Bature gaba zuwa teburin mai shayi, ya tsaya gaban 'yan tasha ya ce ƙarya ya yi. Ƙungiyar masu gareji ta karɓe rumfarsa, ta hana shi taɓa wayar kowace mota a garin. Yanzu yana facin taya a bakin hanyar Funtuwa.