Ba Ka da Hutu

"Sake karanta min," in ji Malam Muhyiddeen daga kan gado.

Na sake. Maƙwabcina ne a benenmu na unguwar Port Saeed, nan ƙasar Larabawa, ƙofa na kallon ƙofa. Shekara tara yana zama Talata da Alhamis a kwamitin da ke raba gardama tsakanin 'yan kasuwa da masu kargo, sauran ranaku yana shagonsa na turare. Da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, ya rubuta neman hutun wata biyu don ya je Kano ya ga 'yarsa tilo, Ummi Kulsum, da jaririn da ta haifa. Amsa ta zo da Turanci. Sulemana, sakataren kwamitin, ɗan Kumasi, ya taƙaita masa ita a waya: "Baba, ba ka da hutu."

Shi ke nan Malam ya tura jakar da ya haɗa don tafiyar ƙarƙashin gado. Mutum ne da ba ya tashi daga kujera sai da izini. Wata uku yana jan jiki zuwa zama, kuma don taurin kai sai ranar ya nuna min takardar.

Ba wani abu mai wuya a ciki. Shi ba ma'aikacinsu ba ne, mamba ne mai zuwa kwana biyu a mako. Don haka babu hutun da za a ba shi, babu kuma mai hana shi tafiya. Ya sanar kawai ya kama hanya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira Sulemana na wanke shi tas, yana ta rantsuwa cewa abin da yake nufi ke nan. Malam kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

"Ashe ƙofar a buɗe take, Halliru, ni na zauna ina gadinta. Khalas, magana ta ƙare. Yanko min tikitin Juma'a."

Na yanko. Ya sa na jawo jakar, ya ƙara turaren wuta a ciki, ya daɗa kaurara sunan 'yarsa da ke jikin jakar da alƙalami.

Alhamis da hantsi ya cika. Muka binne shi a maƙabartar da ke wajen Muhaisnah.

Ranar Asabar na kai jakar ofishin kargo. Mai awo ya ɗora ta a sikeli, ya juya ta yana neman suna. Sunan yana nan a gefe, da rubutun Malam, ƙura ta wata uku a kan hannun jakar.