Za Mu Neme Ki

Mai Famfo bai gama sallama ba wata mata ta cusa masa kwat a hannu.

"Ka makara. Saka wannan, ɗalibai na jira tun ƙarfe tara."

Ya dubi kwat ɗin, baƙa ce, ta sha jiki har gwiwar hannunta na ƙyalli. Ya koma ya dubi allon ƙofa ko ɓatan hanya ya yi. An rubuta Ofishin Haɗa Ɗalibai da Masu Ba da Aiki. Nan ɗin ne dai.

"Madam, ni mai kamfani ne. Injiniya na zo nema."

"Yauwa, haka nake so, ka hau wasan tun daga bakin ƙofa," in ji ta. "Yayanka sai ya sha shayi yake tunawa shi manaja ne."

Shi kuwa bawan Allah da gaske mai kamfani ne. Gyaran famfunan ruwa yake yi, da ma'aikata tara a ƙarƙashinsa, kuma shekara goma sha biyu ke nan su ke kula da famfunan babban asibiti. Sai ga sabuwar doka: duk kamfanin da ba shi da injiniya mai digiri, a karɓe aikin a ba wani. Gobe da azahar za a rufe karɓar suna. Mai Famfo da kunne yake gane ciwon inji, amma ba a manna kunne a jikin fom. Matarsa ce ta ce ya daina zaryar tsakar gida ya tafi jami'a, ai can ake ƙera su.

Abin da bai sani ba shi ne rabon ofishin nan da ganin mai ba da aiki shekara shida. Madam, shugabar wurin, ta aika wa kamfanoni wasiƙu har ta gaji. Don kada ɗalibai su manta yadda ake zama a gaban manaja, sai ta ƙirƙiro intabiyun gwaji kowace Talata, wani tsohon direban jami'a yana saka kwat yana zama mai kamfani. Yau ciwon baya ya kwantar da direban, ya ce zai turo ƙaninsa.

Mai Famfo ya so ya yi bayani, sai ya leƙa baranda ya ga ɗalibai jere a benci, kowa da ambulan a cinya. To, ai abin da ya zo nema ke nan. Ya saka kwat. Ta matse shi a hammata.

Aka zaunar da shi a bayan wani tebur mai furen roba da tarho marar igiya. Madam ta ajiye masa kati mai tambayoyi biyar, ta koma kusurwa da takardar ba da maki.

"Kai ma ana ba ka maki," ta ce. "In ka gama da kowa, ka karanta layin ƙarshe."

Layin ƙarshen shi ne: Za mu neme ka.

Na farko ya shigo, ya zauna a bakin kujera, ya yi murmushin da aka koya masa. Mai Famfo ya karanta, "Mene ne rauninka?"

"Raunina shi ne ina yin aiki fiye da kima."

Na biyu ma raunin ke nan. Na uku ma. Da aka zo na biyar Mai Famfo ya fara tausaya wa jami'ar, cuta guda ta kwantar da aji sukutum. Ya kife katin.

"Ɗana, famfo yana juyi amma ba ya jan ruwa. Me ya same shi?"

"Na gode da wannan kyakkyawar tambaya," in ji saurayin. "Ni mutum ne mai son aiki tare da jama'a."

"Kada ka sauka daga kan kati," Madam ta ce daga kusurwa, ta rage masa maki biyu.

Ta takwas wata budurwa ce doguwa, ambulanta ya yi laushi don yawan riƙo. Ba ta yi murmushin ba. Shekara biyu da gama karatunta na injiniya, amma duk Talata tana nan, har masu shara sun ɗauka ma'aikaciya ce. Mai Famfo ya lura da baƙin mai a gefen farcenta, ya jefa mata tambayar famfon ba tare da ya sa rai ba.

"Iska ce ta shiga bututu," ta ce, "ko bawul ɗin ƙasa ya daina riƙe ruwa. A cika shi da ruwa tukuna a gani. In ya ja ya sake saki, bawul ne."

"In kuma yana kuka kamar ana niƙa tsakuwa?"

"Boris ɗin cikin injin ya tafi. Kashe famfon za a yi kafin ya ci sandar shaf."

"Ina kika koyi wannan?"

"Famfon layinmu. Ba wanda zai gyara, ni kuma ina gida."

Mai Famfo ya miƙe da sauri, kwat ta ce ɓarat a hammata.

"Na ɗauke ki! Gobe ƙarfe takwas ki zo da takardunki."

Budurwar ta yi dariya. Madam ta buga biro a tebur.

"Tsaya, tsaya! Malam, ina ka taɓa ganin mai kamfani ya ce haka? So kake ka lalata min yara?"

"Wallahi ina da kamfani."

Ya ciro katinsa. Madam ta juya shi gaba da baya. "Har da kati! Wa ya buga maka? Ka yi ƙoƙari." Ya nuna hoton wurin aikinsa a waya, ta ce wannan ai garejin wani ne, kamfani da gilas ake gane shi. Ta dubi hannuwansa masu kanta, ta girgiza kai. Ƙarshe ya kira babban ma'aikacinsa ya sa a lasifika, don ya yi masa shaida.

"Baba, kana ina ne?" muryar ta fashe a ɗakin. "Ka sake tafiya da makullin sito! Kullum sai an faɗa maka?"

"Ka ji ko," in ji Madam. "Wa ke yi wa manaja tsawa?" Ta sake rage maki.

Budurwar ta riga ta tattara takardunta. Dariyar ta bar fuskarta.

"Baba, don Allah kada ka ƙara wasa da kalmar nan," ta ce a hankali. "Na je na gaske sau goma sha ɗaya, na san su. Ba sa kallon fuskar mutum. Waya suke latsawa kana magana. Su tambaye ka gogewar shekara biyar, su riƙe takardunka, su ce za su neme ka. Wanda ya ce maka zo gobe, to a ɗakin nan ne kawai. Jiya ma mahaifiyata ta tambaye ni, wai wannan aikin na ranar Talata yaushe za a fara biyana."

Maganar ta soki Mai Famfo, ya ji kunya kamar shi ya yi mata sau goma sha ɗayan. Ya tuna mutum tara da ya bari a bakin sito, da azahar ɗin gobe. Gaskiya dai ya faɗe ta iya faɗa, ba ta shiga ba.

Sai ya koma ya zauna. Ya ɓalla maɓallin kwat, ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ciro waya ya hau latsawa.

"Kawo takardun," ya ce, bai ɗago ba.

Ta miƙa. Ya juya su da ɗan yatsa ɗaya, ya yi hamma.

"Gogewar shekara nawa?"

"Ban taɓa..."

"Biyar muke nema. Wa kika sani a kamfaninmu?"

"Ba kowa."

Ya yi tsaki, ya tura takardun ƙarƙashin furen roba, ya dubi agogo. "Za mu neme ki."

Budurwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya wajen Madam.

"Madam, wannan na gaske ne."

Ta ce na gode ranka ya daɗe, ta fita kafaɗa a sake, don ta san abin da na gaske ke nufi. Sau goma sha biyu ke nan.

Mai Famfo ya zaro takardar sama, ya kwafi lambar da ke jiki, ya kira. Ƙarar wayar ta taso daga baranda, taku goma bai cika ba. Ta yi ta ƙara har ya fara jin tsoro. Aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Kamfanin famfo ne. Mun ce za mu neme ki."

Ta ƙofa ya hango ɗaliban benci duk sun juya suna kallonta.

"Gobe ƙarfe takwas," ya ce. "Ki sa takalmin da ba ki tausayinsa."

"Bakwai da rabi zan zo," in ji ta.

Ya sauke numfashi, ya zauna da kyau a karon farko tun safe. Madam na ta bin takardar makinta sama da ƙasa, ba ta sami gurbin da ake rubuta irin wannan ba. Ta ajiye biro. Ta leƙa ƙofa, ta tura ta, ta jawo aljihun teburinta na ƙasa ta fito da wani ambulan da shi ma ya yi laushi.

"Ranka ya daɗe," ta ce ƙasa-ƙasa, "ƙarshen shekara za a rufe ofishin nan. Na ji kamar kuna da matsalar makulli. Ba ku buƙatar mai kula da ofis?"

Mai Famfo ya karɓa. Kwat ɗin na jikinsa har yanzu, kuma kafin ya ankara bakinsa ya riga shi.

"Za mu neme ki."

Madam ta gyaɗa kai. Ta ciro wayarta daga jaka, ta ƙure sautinta, ta ajiye ta a tsakiyar tebur.