Gurbi na Goma Sha Bakwai

Loretta ta dangwara ambulan ɗin a kan tebur har kofin ƙanenta Dwight ya fantsama. Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta latsa waya.

Shekara ashirin ke nan Dwight yana babban birni, yana raɗa wa manyan 'yan siyasa abin da za su faɗa a kan baƙi masu shigowa Amurka. Ko kansila ba a taɓa zaɓensa ba, amma duk ƙa'idar shige da fice da ta fito, da hannunsa a ciki. Wadda ya fi taƙama da ita kuwa ita ce ta gurbi: duk takardar neman izini da aka bar gurbi ɗaya ba a cike ba, a mayar wa mai ita, ya sake bin layi. Yakan ce ba sai ka rufe ƙofa ba, ƙara takarda ya isa.

To, yau ga takardar ta biyo shi har gidan ubansa. Loretta ke riƙe da gonar tuffa da mahaifinsu ya bari a Michigan, kuma shekara goma sha huɗu Eusebio ke zuwa daga Meziko da mutum goma sha biyu su tsinke mata. Bana an dawo da takardunsu. Tuffa ta nuna har ta fara zuba, in aka ƙara mako biyu wahalar shekara ta tashi a banza.

Ta zazzage masa wannan duka. Gogan naka sai ya gyara zama kamar yana gaban 'yan jarida, ya shiga yi mata karatu wai aikin ai na 'yan ƙasa ne. Haushi ya turnuƙe ta. Ta ce ta liƙa sanarwa a coci da gidan mai, mutum biyu suka zo, ɗaya bai kai tsakar rana ba ya ce bayansa na ciwo.

"Yaya, sakacinki ne kawai," in ji shi. "Takardar nan ko ɗan firamare zai cike ta."

"To ga biro, sarkin sani."

Ta miƙa masa sabuwa da bayanan Eusebio. Ya cike ta cikin minti biyar, har da fito. Loretta ta sa tabarau, ta bi layi-layi da yatsa, ta tsaya a gurbi na goma sha bakwai.

"Lambar ɗaki a bene fa?"

"Wane bene? Mutumin a ƙauye yake."

"Ni ma haka na ce, na bar wurin. Ashe sai an rubuta 'babu'. Wa ya ƙirƙiro wannan, Dwight?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce waya ɗaya zai buga a gyara komai, kuma duk da haushin, Loretta ta ji ranta ya ɗan sa rai. Ya nemo lambar a wayarsa, ya tsaya yana kallon lambar. In jarida ta ji ya nema wa baƙi alfarma don gonar gidansu, aikin shekara ashirin ya rushe. A hankali ya kife wayar a kan tebur.

Loretta ba ta yi mamaki ba, ta san abinta tun yana rarrafe. Ta fita, ta dawo da jakar tsinkar tuffa ta mahaifinsu, ta rataya masa a kan farar rigarsa.

"Ɗan ƙasa aka ce in nema," ta ce. "Tsani yana bayan rumfa."