Kabarin da Aka Gina wa Illo

Illo ya rasu ranar Laraba da hantsi, ranar da Kiristocin Madarumfa ke zaman karatun Littafi Mai Tsarki a gidansa. Ba su da yawa. Samarinsu duk sun tafi Najeriya cin rani, sai tsofaffi da mata, ba mai ƙarfin ɗaga diga. Bazara ce, ƙasa ta ƙeƙashe, gawa kuwa ba ta jira.

Balaraba, matarsa, ba ta roƙi kowa ba. Malam Sa'idu, limamin unguwa, shi ya leƙo zaure ya ce, "Uwar Yusuf, ki zauna. Maƙwabci ba ya rasa kabari muna raye." Ya tafi da maƙwabcinsu Tanko da waɗansu maza gina kabari. Watan azumi ne. Suka yi ta sara cikin rana, ba ruwa.

Bayan azahar Fasto Ɗanladi ya iso daga Maraɗi da akwatin gawa a kan mota. Aka sa Illo a ciki, aka ɗora a amalanken jaki. Balaraba ta bi su har maƙabarta, ko da yake matan unguwa ba sa zuwa.

A bakin ramin aka sauke akwatin. Kabari ne mai kyau, an gyara gefensa sumul, amma irin na Musulmi ne: babban rami, sannan siririn rami a tsakiya, daidai kwanciyar mutum a kan gefensa. Akwati ba zai shiga ba.

Tanko ya dubi akwatin, ya dubi hannuwansa da suka faffashe. "Wallahi ban taɓa gina wa akwati ba."

"Illo ke nan," in ji Malam Sa'idu. "Da ransa ya hana ni sakat da gardama, yau ma sai ya ba ni aiki. Ku miƙo digar."

Leɓunan Tanko sun yi fari. Ɗaya daga cikin masu ginin ya riga ya zube a gindin bagaruwa yana haki. Balaraba ta gan su. Ta ga kuma akwatin da 'yan'uwa na Maraɗi suka haɗa hannu suka aiko. Ko wanne ta bari, ta mayar wa wani da alherinsa.

Fasto ya matso ya rage murya. "Inna, faɗaɗawa za a yi. Haka muke binne namu."

Ita ba ta iya karatu ba. Illo ke karantawa, ita ta riƙe a ka.

"Fasto, wurin da aka sauko da Almasihu daga gicciye. A me aka sa shi?"

Fasto ya ce, "A likkafani, Inna."

"Kabarin kuma na wani ne, ba nasa ba."

"Haka ne."

Ta kwance farin mayafinta ta miƙa masa. Malam Sa'idu ya ga ba zai isa ba, ya warware rawaninsa ya ɗora a kai. Aka fito da Illo daga akwatin, aka naɗe shi da su.

Fasto ya karanta abin da zai karanta, Musulmin suna tsaye a gefe, kai a sunkuye. Tanko ya sauka ramin ya karɓi gawar, sai ya ɗago kai.

"Uwar Yusuf, ina zan juya fuskarsa?"

Illo ne mai sanin irin wannan.

"Ka kwantar da shi yadda ka iya," ta ce.