Cikin Goma, Nawa?

Tica Shobande bai taɓa shiga taron Laraba ta ƙofar gaba ba. Tun a bakin kasuwar masu rini yake sauka daga tasi, ya zaga ta bayan asibitin, ya bi ta wajen da ake shanya zannuwan gado, hula a jawo har kan gira. Shekara uku ke nan yana wannan zagaye a garin Abekuta, inda rabin direbobin tasi sun taɓa zama a ajinsa. Idan wani ya tare shi, amsa a shirye take: ciwon suga ne ya kawo shi. Ba ƙarya ya yi ba, yana da sugar. Ɗaya rabin gaskiyar ne yake haɗiyewa, wato ciwon ƙwaƙwalwar da ya taɓa hana shi barci kwana tara, har matarsa ta saka shi a mota ta kai shi Ibadan, ta ce wa maƙwabta taifot ne.

Su goma sha ɗaya ne a taron, kowa da ciwon ƙwaƙwalwa da na jiki a haɗe: wannan suga, wancan hawan jini, wata asma. Anti Mojisola ce shugaba, ita ma da nata ƙwayoyin a jaka, ba ta ɓoyewa. Ƙa'idarta ɗaya ce. Kowace Laraba mutum zai ɗauki ƙaramin alkawari na mako, sai ta tambaye shi, "Cikin goma, nawa ka yarda za ka cika?" Idan amsarka ba ta kai bakwai ba, sai ka rage alkawarin har ya kai. Kuma kowa yana da abokin tuni, wanda zai buga masa waya a tsakiyar mako ya ji inda aka kwana.

Tica bai taɓa cewa ƙasa da goma ba. Wai shi malami ne, ba ya cin tara.

Abokin tuninsa kuwa Ramoni ne, tsohon bakanike, dogo, mai kafaɗu a sunkuye. Ramoni ba shi da abin ɓoyewa ko da ya so, don duk garin ya ga ranar da ya fito tashar mota ba riga yana ba motoci hannu, shekara shida da suka wuce. Ya warke tuni, yana shan maganinsa, amma tun daga lokacin bai ƙara shiga taron jama'a ba. Daga ɗakinsa a bayan gidan yayarsa sai asibiti.

A wata Laraba Ramoni ya ce alkawarinsa shi ne ya shiga cikin mutane, ko na awa ɗaya.

"Cikin goma?" in ji Anti Mojisola.

"Uku."

"To rage."

Nan fa Tica ya gyara zama. Baki dai shi ke yanka wuya. "Wane irin ragewa kuma, Anti? Ranar Asabar dangin miji za su zo neman auren 'yata Ibidun. Ramoni, ka zo gidana, ka ci tuwon amala har ka kwance ɗamara. Ni na gayyace ka!"

Aka yi tafi. Ramoni ya kalli tafin hannunsa, ya ce, "In a gidanka ne, Tica, bakwai."

Tica ya yi dariya tare da kowa. A ransa kuwa ya tabbata mutumin da ya shekara shida a ɗaki ba zai fito don amala ba.

Abin da ke cin Tica a wannan makon ba ƙarami ba ne. Kowa ya san al'ada: kafin a ƙulla aure, dangi sukan aika a binciki gidan da za a haɗa jini da su, a ji ko akwai hauka a zuri'a. Idan aka ji, an fasa, ba a ma faɗa maka dalili. Ibidun ta shekara talatin da ɗaya, ta samu yaron kirki ɗan gidan Alhaji Oduntan, mai sayar da katako. Tica ya rantse ba ciwonsa ne zai kashe auren 'yarsa ba.

Ranar Asabar tun da safe ya haɗiye maganin sugarsa, ya ce zai karya in ya gama da masu kafa rumfa. Daga masu rumfa sai masu kujeru, daga masu kujeru sai mai janareto. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, ya ga sunan Ramoni, ya san tambayar da ya saba yi ce, "Ka ci abinci bayan magani?" Ya mayar da ita aljihu. Ya cire tsohuwar rigarsa ya zuba babbar riga ta aso-oke, saƙin Yarbawa, ƙullin suga mai ƙwaya da masu ciwon suke yawo da shi don tsotsa in sugar jiki ta faɗi ya bi tsohuwar rigar zuwa kan ƙusa.

Wajen ƙarfe ɗaya, ga motocin dangin miji suna jeruwa, sai ga Ramoni a bakin ƙofa. Ya yi aski. Rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli, a hannunsa wani ƙunshi a takarda.

"Tica, na zo," ya ce. "Da ƙafa na zo, don kar in fasa a mota."

Wata daga cikin matan dangin miji ta taɓa 'yar'uwarta da gwiwar hannu. "Ke, ba mutumin tashar nan ba ne?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tica ya ji maganar har tsakar kansa. Ya ɗauke ido daga kan Ramoni, ya dubi ƙanen matarsa da ke tsaron ƙofa, ya ce da ƙarfi yadda matan za su ji, "Irin waɗannan ba sa jin ƙamshin miya su wuce. Zuba masa abinci a leda, ya zauna can waje."

Ramoni ya juya. Ya koma gindin katanga inda direbobi suke, ya zauna a kan bulo, ƙunshin a cinyarsa.

Aka shiga biki. Alaga, matar da ke jan ragamar taron, irin masu bakin nan ce da ba sa gajiya. Ta sa ango da abokansa suka kwanta rub da ciki gaban Tica, ta ce ba su kwanta da kyau ba, su sake. Ta rera waƙa, ta karanta wasiƙar neman aure, ta sake rera wata. Abinci kuwa ba a taɓa shi sai an gama. Ƙarfe uku ta gota cikin Tica ba ko loma.

Gumi ya fara keto masa, mai sanyi. Hannunsa ya ɗauki rawa, ya ɓoye shi a cikin riga. Da alaga ta miƙa masa makirfo ya sa wa ango albarka, sai ya ji harshensa ya yi nauyi. Ya kira angon da sunan wani ɗalibi da ya koyar shekara ashirin baya. Ya tambayi wa ya goge allo. Ya ture hannun matarsa, ya ce a rufe tagogi.

Duk rumfar ta zuba masa ido. Matarsa, Iya Ibidun, ta dafe ƙirji, don ita a tunaninta tsohon ciwon ne ya dawo, kuma ya rasa ranar dawowa sai yau. Ibidun ta yaye mayafin fuskarta tana kallon ubanta.

"Ku ba ni hanya!"

Ramoni ne. Ta saman katanga ya hango. Ya ratsa tsakiyar mutum ɗari biyu, shi da ko layin famfo ba ya iya tsayawa, ya durƙusa gaban Tica, ya taɓa goshinsa.

"Suga ce ta faɗi. Iya, bai karya ba, ko? Na sani, bai ɗauki wayata ba." Ya zaro nasa ƙullin sugar daga aljihu, ya tura wa Tica ƙwaya uku a baki. "Tsotsa, Tica. Tsotsa mana, kai da kake cin goma kullum. A kawo lemon kwalba, mai zaƙi, ba na masu suga ba!"

Cikin minti goma rumfar ta dawo daidai a idon Tica. Ya ga fuskoki, ya ga makirfo a ƙasa, ya ga Ramoni riƙe da kwalba a bakinsa. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Wane ne wannan bawan Allah?" in ji Alhaji Oduntan.

Tica ya kau da kai. Ramoni ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Ba kowa, Alhaji. A layin masu suga muke haɗuwa." Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya fita.

Aka ci gaba da biki, aka ɗaura abin da za a ɗaura, aka zuba amala da miyar ewedu, wato lalo. Ana cikin ci Alhaji Oduntan ya jawo kujerarsa kusa da Tica.

"Surukina, ka ci abinci sosai, kar ka sake tsorata mu." Ya rage murya. "Ka san mun yi bincike, ai dole ne. Tun watan azumi muka san inda kake zuwa ranar Laraba, har ƙofar bayan da kake bi."

Lomar da ke hannun Tica ta tsaya.

"Yayyena sun ce a fasa. Na ce a tambayo mini abu ɗaya: yana shan magani? Aka ce shekara uku bai taɓa tsallake rana ba. Na ce to wannan ya fi ni, ni da hawan jinina sai matata ta bi ni da ƙwaya har mota." Ya yi 'yar dariya, sannan ya daina. "Amma mutumin nan da ya taimake ka, an ce mini a waje aka ajiye shi. Na ce ƙarya ne, ba a gidan Tica ba. Ko kuskuren masu ƙofa ne?"

"Ni ne," in ji Tica.

Alhaji ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da cin abincinsa. Wallahi da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da Tica ya fita waje, Ramoni ya tafi. A kan bulo ga ledar abincin ba a kwance ta ba, ga ƙunshin a gefenta. Ya buɗe: yadi biyu na rinin adire, da 'yar takarda da aka rubuta "Na Ibidun" da rubutun bakanike. Ya buga waya, a kashe. Lahadi a kashe, Litinin a kashe.

Ranar Laraba Tica ya shiga ta ƙofar gaba. Babu wanda ya ko kalle shi, kuma wannan ma ya ƙara masa kunya. Kujerar Ramoni babu kowa. Anti Mojisola ta ce yayarsa ta bugo, ta ce tun Asabar ya kulle ɗaki, abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye masa.

"Tica, a gidanka ya je. Me ya faru?"

Ya faɗa musu, bai rage komai ba, har maganar ƙamshin miya. Wata dattijuwa mai asma ta ja tsaki ta kau da kai. Babu wanda ya ce masa, "Ba komai."

"Alkawarinka na wannan mako?" in ji Anti Mojisola.

"Zan je in roƙe shi, in dawo da shi nan."

"Cikin goma?"

Tica ya kalli kujerar Ramoni. "Biyu."

"Rage."

"Zan je in ƙwanƙwasa ƙofarsa."

"Cikin goma?"

"Biyar. Ina jin kunyar ya buɗe."

"Rage, Tica."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Zan je kullum da la'asar in zauna a waje, a bakin ƙofarsa. Ko ya buɗe ko bai buɗe ba."

"Cikin goma?"

"Bakwai," ya ce. "Akwai bulo a wurin, na taɓa gani."